ALHAJI ALIYU NAMANGI: MAKAHON DA ILIMI YA ƊAUKAKA

Bayan godiya ga Allah Maɗaukaki da salati ga fiyayyen halitta (SAW), muna tunatar da 'yan'uwa tarihin Alhaji Aliyu Namangi, Allah Ya jiƙansa.

An haife shi wajen shekarar 1894 a ƙasar Zazzau, ya rasa ganinsa tun yana ƙarami. Duk da haka ya zauna gaban malamai kamar sauran almajirai, abin da suke ɗauka da ido shi yana ɗauka da kunne, har ya ƙoshi da ilimin addini. Da wannan ilimi ya tsara waƙoƙin wa'azi na Imfiraji, waɗanda aka buga a Zariya, har yau kuma ana rera su a ƙasar Hausa. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa na dakta. Ya rasu a 1990.

To, 'yan'uwa, mu dubi namu. A Ngelbeli da garin Difa da ƙauyukan gaɓar Komadugu, makafi da kurame da guragu nawa ne ke zaune a gida ko suna yawon bara, tsararsu na makaranta? Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2008, amma kai yaro aji aikin iyaye ne, karɓarsa kuma aikin malamai. Mu tuna Suratu Abasa ta sauka ne a kan makaho mai neman ilimi, Abdullahi ɗan Ummi Maktum (RA).

Allah Ya ba mu ikon sauke wannan amana, amin.