George Alan Thomas

Sir George Alan Thomas (an haife shi ranar 14 ga watan Yuni, 1881, ya mutu ranar 23 ga watan Yuli, 1972) ɗan wasan badminton ne na ƙasar Ingila, wanda kuma ya yi suna a wasan tanis da darar Turawa da ake kira chess. Shi ne ya fi kowa yawan kambu a tarihin gasar badminton ta All England, inda ya ci 21 tsakanin shekarar 1903 da 1928. Shi ne shugaban farko na hukumar badminton ta duniya, kuma sunansa aka sa wa Kofin Thomas, wanda ƙungiyoyin maza na ƙasashe suke fafatawa a kansa har yau. Duk nasarorinsa da raket na katako ya same su, a zamanin da kayan wasa ba sa ƙara wa mutum ƙarfin bugu kamar yadda na yanzu suke yi.

Farkon rayuwa

An haifi Thomas a Tarabya, kusa da birnin Istanbul, lokacin Daular Usmaniyya ta Turkiyya, amma a Ingila ya tashi. Gidansu na masu sarauta ne. A shekarar 1918 ya gaji sarautar baronet, wadda ke ba mai riƙe da ita laƙabin Sir, ya zama na bakwai a jerin gidan. Mahaifiyarsa, Lady Edith Thomas, gwanar chess ce, ita ta ci gasar mata da aka yi a garin Hastings a 1895. Ke nan tun yana yaro ya saba da wasan da sai an yi tunanin abin da zai biyo baya kafin a motsa hannu.

Badminton

Lokacin da ya shiga wasan, badminton bai gama zama da gindinsa ba. An fara gasar All England a 1899 da wasannin 'yan bibbiyu kawai, sai a shekarar da ta biyo aka ƙara na mutum ɗaya-ɗaya. Babu gasar duniya a wancan lokaci, saboda haka wanda ya ci All England shi ake ɗauka zakaran duniya.

Kambunsa na farko ya zo a 1903, a wasan mace da namiji, tare da Ethel Thomson. A wannan rukuni ya ci sau takwas, huɗu daga ciki da Hazel Hogarth. A wasan maza bibbiyu ya ci sau tara, da abokan wasa uku: Henry Marrett, Frank Chesterton da Frank Hodge. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya tsayar da gasar daga 1915 zuwa 1919, shi ma ya tafi aikin soja.

Abin da ya fi ɗaukar hankali a tarihinsa ya faru ne bayan yaƙin. Wasan mutum ɗaya shi ya fi cin jiki, domin ɗan wasa shi kaɗai yake tsare fili mai tsawon mita 13.4, kuma yawanci matasa ne suke mamaye shi. Thomas bai taɓa cin wannan kambu ba yana saurayi. Sai da ya kai shekara 38, a 1920, sannan ya ci, kuma ya riƙe shi shekara huɗu a jere har 1923, lokacin yana da 41. Daga nan 'yan Ayilan suka karɓe: Gordon Mack a 1924, sai Frank Devlin, wanda ya ci daga 1925 zuwa 1929. Duk da haka Thomas bai ajiye raket ba. Kambunsa na ƙarshe, na maza bibbiyu tare da Hodge, ya zo a 1928 yana ɗan shekara 46. Ya kuma jagoranci tawagar Ingila zuwa Kanada a 1925 da 1930 don yaɗa wasan.

Raket na zamaninsa da salon wasa

Ba za a gane yadda mutum mai waɗannan shekaru ya riƙe gasar ba sai an dubi abin da yake riƙe a hannu. Raket na lokacin katako ne tun daga mariƙi har kai, an ɗaure shi da tsirkiyar hanjin dabba. Ya fi na yau nauyi, kuma danshi yana lanƙwasa shi, shi ya sa ake matse kansa cikin wani katako mai kusoshi idan an gama wasa. Ba a iya ja wa tsirkiyar tauri sosai, don kan raket ɗin zai karkace ko ya tsage.

Ɗan wasan yau yana da zaɓin da Thomas bai samu ba. Raket na kabon yawanci giram 80 zuwa 90 ne, kuma ana rarraba nauyinsa yadda ake so. Idan nauyin ya rinjaya wajen kai, bugun sara, wato wanda ake sauke ƙwallo daga sama da ƙarfi zuwa filin abokin karawa, yana ƙara nauyi, amma hannu yana jinkiri wajen tare bugun da aka mayar da sauri. Idan sandar raket ɗin mai tauri ce, ƙwallo tana zuwa daidai inda aka nufa, sai dai tana buƙatar mai saurin hannu. Mai laushi kuwa tana lanƙwasawa ta dawo kamar bulala, ta ara wa mai ƙaramin ƙarfi nisa, ta rage masa daidaito. Haka ma tsirkiya: mai tauri tana ba da iko kan ƙwallo amma wurin daɗin bugu yana ƙanƙancewa. Kowane ƙarin ƙarfi da kaya suka bayar, akwai abin da suka karɓa.

Da katako wannan ciniki bai da faɗi. Raket bai ara wa kowa ƙarfi ba, kuma nauyinsa yana gajiyar da wanda ya dage da sara daga kowane wuri. Ita ma ƙwallon tana da nata hali. Gashin tsuntsu 16 ne aka kafa a kan toshe, nauyinta kusan giram biyar, kuma iska tana cinye mata gudu cikin ɗan taƙi. Saran da aka yi daga ƙarshen fili yakan isa ɗaya ɓangaren ya riga ya yi sanyi, abokin karawa ya tare shi ya mayar inda mai saran ba ya nan. Wanda aka yi daga tsakiyar fili shi ne mai kisa. Saboda haka aikin gwani shi ne ya tilasta wa abokin karawa ɗaga ƙwallo gajere: ya tura shi can baya da dogon bugu, ya jawo shi gaba da ɗan saki a bakin raga, ya ɓoye nufinsa har lokacin da raket zai taɓa ƙwallo. Tsarin ƙirga maki na lokacin, inda ake buga 15 kuma mai fara bugu kaɗai ke samun maki, ya ƙara ba mai haƙuri dama. Irin wannan wasa na shiri da daidaito aka san Thomas da shi, kuma ba abin mamaki ba ne ga gwanin chess. A 1923 ya wallafa littafi kan dabarun wasan mai suna The Art of Badminton.

Raket na ƙarfe zalla ya fara bayyana a shekarun 1960, yana da rai, na kabon kuwa sai bayan mutuwarsa ya yaɗu. A 2023 an auna saran Satwiksairaj Rankireddy na Indiya a gudun kilomita 565 cikin awa ɗaya, a wani gwaji na kamfanin Yonex. Halin ƙwallon dai bai sauya ba, har yau saran da ba a shirya masa wuri ba yakan dawo wa mai shi.

Tanis da chess

A tanis ya buga gasar Wimbledon shekaru da dama, ya kai zagayen 'yan takwas a wasan mutum ɗaya a 1911.

A chess kuwa ya zama zakaran Birtaniya sau biyu, a 1923 da 1934. Wato a 1923 shi ne zakara a wasanni biyu da ba su haɗa komai ba a ido, ɗaya na gumi, ɗaya na zama. Babbar nasararsa ita ce gasar Hastings ta 1934 zuwa 1935, inda ya yi kunnen doki a matsayi na ɗaya da Max Euwe da Salo Flohr, bayan ya doke José Raúl Capablanca, tsohon zakaran duniya, da Mikhail Botvinnik, wanda ya zama zakaran duniya a 1948. Yana da shekara 53 a lokacin. Duk da haka, wasan da ɗaliban chess suka fi saninsa da shi wanda ya sha kashi ne: a Landan a 1912, Edward Lasker ya sadaukar da sarauniyarsa, ya yi ta jan sarkin Thomas daga wannan gefen allo zuwa wancan har ya kama shi a motsi na 18. Hukumar chess ta duniya ta ba shi matsayin gwani na ƙasa da ƙasa a 1950.

Hukumar duniya da Kofin Thomas

A watan Yuli na 1934 aka kafa hukumar badminton ta duniya da mambobi tara: Ingila, Sikotilan, Wales, Ayilan, Denmak, Faransa, Holan, Kanada da Niyu Zilan. Thomas ya shugabance ta daga kafuwarta har 1955. Ganin yadda Kofin Davis ya ɗaga tanis, ya kawo shawarar gasar ƙasashe a 1939, ya kuma ba da kofin da kansa. Yaƙin Duniya na Biyu ya jinkirta lamarin kusan shekara goma.

An buga gasar farko a 1948 zuwa 1949 da ƙasashe goma. A wasan ƙarshe, a garin Preston na Ingila, Malaya ta doke Denmak da ci 8 da 1. Wannan sakamako ya nuna cewa ƙarfin wasan ya koma Asiya. Malaya, wadda daga baya ta zama Maleshiya, da Indonesiya da Sin su suka riƙa karɓar kofin a tsakaninsu, har Japan ta ci a 2014. Denmak ce ƙasar Turai ta farko da ta ɗauke shi, a 2016, Indiya kuma a 2022. Ingila, ƙasar mai kofin, ba ta taɓa ci ba.

Mutuwa

Thomas bai yi aure ba, saboda haka sarautar gidansu ta ƙare da shi. Ya mutu a Landan yana da shekara 91. A 1996 hukumar badminton ta duniya ta sa shi cikin rukunin farko na fitattun da ta karrama a tarihin wasan.