Gene Roddenberry: Mutumin da aka soke fim ɗinsa saboda kuɗi, daga baya ya zama rijiyar arziki

Masu bibiyar fina-finan sararin samaniya sun sha takaici a 'yan shekarun nan. Ana tsaka da jin daɗin shiri sai kamfani ya ce kuɗi sun yi yawa, ya datse. HBO ta soke Westworld a 2022, Netflix ta soke 1899 bayan zango ɗaya tak. To jama'a, wannan ciwon ya girmi intanet, kuma Gene Roddenberry ya ɗanɗana shi.

An haife shi ranar 19 ga Agusta, 1921 a garin El Paso na jihar Texas a Amurka, ya tashi a Los Angeles. Ya tuƙa jirgin yaƙi a Yaƙin Duniya na Biyu, sannan ya koma kamfanin Pan Am, inda ya tsira da ransa a hatsarin jirgi a hamadar Siriya a 1947. Daga nan ya shiga aikin ɗan sanda, yana rubuta labaran talabijin a gefe, har ya ajiye kaki a 1956 ya rungumi alƙalami.

Star Trek ya fara fita a tashar NBC ranar 8 ga Satumba, 1966, bayan tashar ta yi fatali da gwajin farko. Shirin na cin kuɗi, masu kallo kuma ba su kai yadda tashar ke so ba. Da aka ji raɗe-raɗin sokewa, masoya suka yi wa NBC ruwan wasiƙu, aka ƙara zango na uku. Sai dai an rage masa kasafi, aka jefa shi ƙarfe goma na daren Juma'a, lokacin da matasa ba sa gida. Ran Roddenberry ya ɓaci ya ja baya, a 1969 aka rufe shirin yana da kashi 79.

Abubuwa suka tsaya masa cak, har ya koma gabatar da lacca a jami'o'i don riƙe gida. Amma ƙananan tashoshi suka riƙa maimaita shirin, sai ga sabbin masoya tururuwa. A 1976 hukumar NASA ta raɗa wa kumbonta suna Enterprise, a 1979 fim ɗin silima ya fito, a 1987 kuma ya dawo da The Next Generation. Ya rasu ranar 24 ga Oktoba, 1991 yana da shekara 70.

Abin da ya ceci Star Trek shi ne an bar shi a idon jama'a har ya tara masoya. Yau kuwa wasu manhajojin sukan soke shiri su kuma cire shi gaba ɗaya, kamar yadda Paramount+ ta yi wa Star Trek: Prodigy a 2023, kafin Netflix ta ɗauke shi. Wane shiri aka soke muku da har yanzu yake muku ciwo?