Barbushe

Barbushe shi ne babban bokan mutanen da suka zauna kewayen Dutsen Dala kafin a kafa sarautar Kano, kuma mai kula da tsafin Tsumburbura. Labarinsa ya zo ne a littafin Tarihin Kano, wanda aka rubuta da Larabci a ƙarshen ƙarni na 19, H. R. Palmer ya fassara shi zuwa Turanci a 1908.

Asali

Ɗan Buzame ne, daga zuriyar Dala, mutumin da dutsen ya ci sunansa. An siffanta shi da cewa baƙi ne, ƙato, maharbi, wai da sanda yake kashe giwa ya ɗauko ta a ka. Wannan zuzutawa ce irin ta labaran baka, amma tana nuna kwarjininsa a idon jama'arsa.

Bautar Tsumburbura

Tsumburbura na zaune ne a wata bishiya mai suna Shamus, wadda aka kewaye da katanga. Barbushe kaɗai ke shiga. An yi imani duk wanda ya kutsa mutuwa zai yi. Shi kuwa ba ya saukowa daga kan dutsen sai kwana biyu a shekara, waɗanda marubucin littafin, da yake Musulmi ne, ya kira ranakun Idi. Idan lokacin ya matso, maza da mata kan taho daga kowace kusurwa, wani da baƙin kare, wani da baƙar kaza, wani da baƙin bunsuru, su taru a gindin Dala. Da duhu ya yi sai ya fito da makaɗansa, ya ja su zuwa wurin tsafin, a yanka abin da aka kawo. Daga nan ya shiga shi kaɗai, ya fito ya faɗa musu abin da zai auku a shekarar. A nan ƙarfinsa yake, domin ta bakinsa kaɗai ake jin Tsumburbura.

A irin wannan dare ne aka ce ya yi musu albishir mara daɗi, cewa wani baƙo zai zo da runduna ya mallake su, ko su ko 'ya'yansu.

Bayansa

Bagauda ya kafa sarauta a shekarar 999 bisa lissafin Palmer, amma tsafin ya ƙara fiye da shekara 300 ana bauta masa. Sarki Tsamiya (1307–1343) ne ya rushe katangar. A zamanin Yaji (1349–1385), bayan zuwan Wangarawa daga Mali, aka gina masallaci a ƙarƙashin bishiyar.