Muhammadu Al-Kashinawi: Malamin Katsina Mai Ilimin Hatimi

Muhammadu ɗan Muhammadu, wanda Larabawa suka sani da laƙabin Al-Kashinawi, wato Bakatsine, yana ɗaya daga cikin malaman ƙasar Hausa da sunansu ya kai Masar tun ƙarni na 18. Bafillace ne, kuma ya tashi a ƙasar Katsina a zamanin da birnin yake matattarar fatake da almajirai. Tun kafin lokacinsa Katsina ta yi suna da malamai irin su Ɗan Marina da Ɗan Masani, waɗanda suka rayu a ƙarni na 17.

Ya yi karatu a gaban malamai da dama na ƙasashen baƙar fata, har da wani malami mai asali daga Barno da Bagarmi. Wanda ya fi tasiri a kansa shi ne Malam Muhammadu Bindu, domin a wurinsa ya karɓi ilimin haruffa da hisabi da kuma ilimin da ake kira aufaƙi da Larabci. Wannan ilimi shi ne Hausawa suke kira ilimin hatimi.

Hatimi zane ne mai kusurwa huɗu da aka raba gida-gida, aka zuba lamba a kowane gida. Sharaɗinsa shi ne jimlar kowane layi ta zo daidai da ta sauran, ko layin a kwance yake, ko a tsaye, ko daga kusurwa zuwa kusurwa. Ba Al-Kashinawi ne ya ƙago shi ba. Mutanen Sin sun san shi tun da daɗewa, kuma malaman ƙasashen Musulmi sun yi rubutu a kansa ɗaruruwan shekaru kafin a haife shi. A ƙasar Hausa ana zana shi a allo, ana kuma sa shi cikin laya. Amma duk wanda ya zauna don cika gidajen nan, lissafi zai yi, ko da wace niyya ya zauna.

Mafi ƙanƙantar hatimi shi ne mai gida tara, wanda ake zuba wa lambobi daga 1 zuwa 9 ba tare da an maimaita ko ɗaya ba. Mai gaggawa yakan yi ta gwadawa yana sharewa. Mai natsuwa kuwa yakan fara da tambaya: nawa ne jimlar kowane layi? Idan aka tara 1 zuwa 9 ana samun 45. Layukan kwance uku ne, kuma dole su yi daidai da juna, saboda haka kowanne zai ɗauki 15.

Tambaya ta biyu ita ce lambar da za ta zauna a gidan tsakiya. A nan ake buƙatar aljebra, fannin da ya samo sunansa daga littafin da Al-Khawarizmi ya rubuta a Bagadaza a ƙarni na 9. Sai a sa wa lambar da ba a sani ba suna, a kira ta x. Layuka huɗu ne suke ratsa gidan tsakiya: na kwance, na tsaye, da na kusurwa guda biyu. Jimlarsu ita ce 15 sau 4, wato 60. Waɗannan layuka sun taɓa kowane gida sau ɗaya, ban da na tsakiya da suka taɓa sau huɗu, wato da ƙarin sau uku. Ke nan 45 + 3x = 60. Idan aka ɗebe 45 daga kowane ɓangare, 3x ya zama 15, x kuma ya zama 5. Da zarar 5 ta zauna a tsakiya, sai 2 da 4 da 6 da 8 su koma kusurwoyi. Layin sama ya zama 4, 9, 2. Na tsakiya 3, 5, 7. Na ƙasa 8, 1, 6. Irin wannan tunani ne yake nuna cewa jimlar layi a hatimi mai gida 25 ita ce 65, a mai gida 49 kuwa 175.

Wajen shekarar 1730 Al-Kashinawi ya isa ƙasa mai tsarki don aikin hajji. Ya zauna a Makka na ɗan lokaci, inda ya soma rubuta littafinsa Ad-Durrul Manzum, a kan ilimin taurari da asirai, wanda ya kammala a Masar. A shekarar 1145 bayan hijira, wadda ta kama daga 1732 zuwa 1733, ya gama Bahjatul Afaƙ, littafin da ya yi bayanin haruffa da hatimi a cikinsa. A ciki ya shimfiɗa hanyoyin gina hatimi mai layuka mara, kamar uku ko biyar ko bakwai, ta yadda ɗalibi zai cika gidajen bisa ƙa'ida, ba da cinke ba. Ya kuma yi rubutu a kan nahawun Larabci da mantiƙi.

A ganinsa wannan ilimi ba abin wasa ba ne. Ya ɗauki haruffa da lambobi a matsayin asiri da amana, ya hori ɗalibansa da su yi aikinsu a keɓe, kada su baza shi ga kowa. Ya kuma gargaɗe su da kada su karaya idan lissafi ya ƙi fita, domin naci shi ne sharaɗin mai neman wannan fanni.

A Alƙahira ya sauka a gidan Shaihu Hasan Al-Jabarti, masanin taurari da lissafi. A wannan gida ya rasu a shekarar 1741. Kafin rasuwarsa ya danƙa wa mai masaukinsa amanar dukiyarsa da littattafansa, shi kuwa ya binne shi a maƙabartar malamai ta birnin. Ɗan mai gidan, Abdurrahman Al-Jabarti, an haife shi ne bayan rasuwar baƙon, amma da ya girma ya zama babban marubucin tarihin Masar, sai ya sa labarin malamin Katsina a cikin littafinsa. Ta wannan hanya aka san malamansa da tafiyarsa da sunayen littattafansa.

A shekarar 1973 wata malamar lissafi Ba'amurkiya, Claudia Zaslavsky, ta gabatar da aikinsa a cikin littafinta kan lissafi a Afirka. Daga nan sunansa ya shiga tarihin lissafi na duniya, hanyoyin da ya so a riƙe a asirce kuma suka zama wasa ƙwaƙwalwa da malamai suke ba yara a aji.