Malam Aminu Kano: Daga Ajin Maru Zuwa Gwagwarmayar 'Yancin Talaka

An haifi Malam Aminu Kano a shekarar 1920 a gidan malamai da alƙalai na birnin Kano. Ya yi karatu a Kwalejin Kaduna, ya koyar a Bauchi, ya ƙaro ilimi a Landan, sannan aka turo shi Kwalejin Horar da Malamai ta Maru, maƙwabciyar Bunguɗu a Jihar Zamfara ta yau. Daga nan ya ajiye alli a 1950 ya shiga jam'iyyar NEPU, ya zama shugabanta a 1953.

A lokacin, ɗaure 'yan adawa a kotunan En'e ruwan dare ne, shi ya sa Malam ya dage a kare haƙƙin talaka da doka. A 1959 aka sanya babin 'yancin ɗan Adam a tsarin mulkin Najeriya, amma da sharaɗi: gwamnati na iya taƙaita wasu haƙƙoƙin muddin dokar tana da hujjar da za a amince da ita a ƙasa mai bin dimokuraɗiyya.

Ba a jima ba aka gwada wannan sharaɗi. Wata dokar Jihar Arewa ta 1958 ta haramta wa yara 'yan ƙasa da shekara 16 shiga harkar siyasa, abin da ya taɓa NEPU mai dogaro da matasa. A shari'ar Cheranci ta 1960, Mai Shari'a Bate na Babbar Kotun Kano ya kafa ma'auni: dole taƙaitawar ta zama tilas, kuma kada ta wuce gona da iri. Sai dai ya fara da ɗaukar cewa majalisa ta yi daidai har sai mai ƙara ya nuna akasin haka. Dokar ta tsira.

Hukuncin ya nuna cewa rubuta 'yanci a takarda bai wadatar ba, sai an duba tsananin binciken da alƙali zai yi wa dokar da ta taɓa shi.

Malam bai bar fagen ba. Ya shiga kwamitin rubuta tsarin mulkin 1979, ya jagoranci PRP, ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983. Wancan sharaɗi yana nan a sashe na 45 na tsarin mulkin 1999, kuma da shi kotuna ke auna dokokin da suka shafi taro, addini da faɗin albarkacin baki.