Richard Hamming: Mutumin da Ya Koya wa Kwamfuta Gyara Kuskurenta

Ɗalibai, a duk lokacin da kuka aika saƙo ta wayar salula, ko kuka ga mutum yana cirar kuɗi a na'urar banki, akwai aikin da ke gudana a ɓoye wanda ido ba ya gani. Saƙon yana tafiya ne a matsayin jerin alamomi iri biyu kacal, wato 0 da 1. A kan hanya, tsawa ko zafi ko lalacewar wani ɗan ƙarfe na iya juya 0 ta koma 1, ko 1 ta koma 0. Idan alama ɗaya tak ta juye a cikin adadin kuɗi, abin da mutum ya ajiye a banki zai iya zama wani adadi dabam. Duk da haka saƙonni suna isa lafiya, lissafin banki kuma yana zama daidai. Ɗaya daga cikin mutanen da suka aza harsashin wannan aminci shi ne wani masanin lissafi ɗan ƙasar Amurka mai suna Richard Hamming. Tarihinsa za ku karanta a wannan darasi.

Haihuwa da Karatu

An haifi Richard Hamming a birnin Shikago ranar 11 ga Fabrairu, 1915. A can ya tashi, a can kuma ya yi karatun sakandare. Burinsa tun yana saurayi shi ne ya zama injiniya. Sai dai lokacin ya zo daidai da babbar karayar tattalin arziki da ta auka wa Amurka a shekarun 1930, kuɗi ya yi wuya a hannun mutane. Jami'ar Shikago ce kaɗai ta ba shi tallafin karatu, ita kuwa ba ta da sashen koyar da aikin injiniya. Saboda haka ya karanta lissafi, ya sami digirin farko a 1937. Ya ƙara na biyu a Jami'ar Nebraska a 1939, sannan ya kammala digirin digirgir a Jami'ar Illinois a 1942. A wannan shekarar ce ya auri Wanda Little, wadda suka haɗu a jami'a.

Ku lura da wannan: rashin kuɗi ne ya kauce da shi daga hanyar da ya so. Amma lissafin da ya karanta ba da son ransa ba shi ne ya zama makaminsa a duk rayuwarsa.

A Los Alamos

Hamming ya fara da aikin koyarwa a jami'a. A watan Afrilu na 1945, Yaƙin Duniya na Biyu yana dab da ƙarewa, aka gayyace shi zuwa Los Alamos, wani keɓaɓɓen wuri a jihar New Mexico inda masana ke ƙera bam na nukiliya na farko a asirce. Aikinsa shi ne kula da injinan lissafi na kamfanin IBM waɗanda ke warware wa masana kimiyya lissafinsu. Matarsa Wanda ita ma ta bi shi, ta yi aikin lissafi a wurin.

Daga baya ya ba da labarin wani abu da ya same shi a can. Kafin a gwada bam ɗin ranar 16 ga Yuli, 1945, an ba shi wani lissafi domin ya sake dubawa. Da ya tambayi abin da lissafin ya ƙunsa, sai aka gaya masa cewa ana so a tabbatar ne ko zafin bam ɗin zai iya kunna wa iskar duniya wuta. Lissafin ya nuna hakan ba zai faru ba. Amma matashin malamin ya fahimci cewa akwai lissafin da kuskure a cikinsa ya shafi rayukan mutane, kuma amsar da inji ya bayar amana ce.

Ƙarshen Mako Biyu da Suka Salwanta

A 1946 Hamming ya koma ɗakunan bincike na kamfanin tarho na Bell. A can ya zauna ofis ɗaya na wani lokaci da Claude Shannon, masanin da ya kafa ilimin lissafin isar da saƙo.

Kwamfutar da Hamming ke aiki da ita ba ta yi kama da wadda kuka sani ba. Ƙatuwar na'ura ce mai cika ɗaki, tana da makunnai na lantarki kusan 9,000 waɗanda ke buɗewa suna rufewa, ana kuma ba ta umarni ta doguwar takarda mai huji-huji. Makunnan suna yawan cijewa, ƙura kaɗan ta isa ta hana ɗaya aiki. Waɗanda suka ƙera na'urar sun san da haka, don haka suka sanya mata hanyar gane cewa kuskure ya auku. A ranakun aiki, da zarar ta ga kuskure sai ta tsaya ta kunna fitila, ma'aikata su zo su gyara. A ƙarshen mako kuwa babu kowa a wurin. Idan ta ci karo da kuskure, sai ta watsar da aikin da take yi ta kama na gaba.

Hamming bai cika samun damar amfani da na'urar ba sai a ƙarshen mako. Wata Juma'a a 1947 ya ɗora mata dogon lissafi ya tafi gida. Da ya dawo ran Litinin, sai ya tarar ta ci karo da kuskure tun da wuri, ta yar da aikinsa. Ya sake ɗorawa, mako na gaba ma haka. Waɗanda ke jiran amsa daga wurinsa suka sake komawa hannu wofi.

Wani da ya tsaya ga fushi kawai. Hamming kuwa ya yi wa kansa tambaya: tun da na'urar tana iya gane cewa akwai kuskure, me zai hana ta gano inda kuskuren yake? Idan kuma ta gano wurin, gyaran ba shi da wuya, domin alamomin iri biyu ne kawai. Wadda ba 0 ba ce, to 1 ce.

Yadda Dabarar Take Aiki

Kafin ku fahimci dabararsa, ku tuna da kalmomi biyu na lissafi. Adadin da ya rabu biyu daidai, kamar 2 ko 4, ana ce masa cika. Wanda ya bar saura ɗaya, kamar 1 ko 3, ana ce masa mara.

Tsohuwar hanyar gane kuskure mai sauƙi ce. Ana ƙara wa saƙo alama ɗaya ta tsaro, a zaɓe ta yadda yawan 1 a cikin saƙon zai zama cika. Idan saƙo ya isa aka ƙirga aka ga mara, an san wata alama ta juye, amma ba a san ko wacce ce ba.

Hamming ya ƙara yawan alamomin tsaro, ya kuma raba musu aiki. Ku zana gurabe bakwai a littafinku, ku ba su lamba daga 1 zuwa 7. Gurbi na 3 da na 5 da na 6 da na 7 su ne na ainihin saƙo. Gurbi na 1 da na 2 da na 4 su ne masu gadi. Mai gadi na 1 yana lura da gurabe 1, 3, 5, 7. Mai gadi na 2 yana lura da 2, 3, 6, 7. Mai gadi na 4 yana lura da 4, 5, 6, 7. Aikin kowane mai gadi shi ne ya sa yawan 1 a rukuninsa ya zama cika.

A ce saƙonku shi ne 1011. Ku zuba shi a gurabensa huɗu. A rukuni na farko akwai 1 guda biyu, don haka mai gadi na 1 zai zama 0. A rukuni na biyu akwai guda uku, don haka mai gadi na 2 zai zama 1 domin su cika huɗu. A rukuni na ƙarshe akwai guda biyu, mai gadi na 4 zai zama 0. Abin da za a aika ke nan: 0110011.

Yanzu a ce alama ta shida ta juye a hanya, aka karɓi 0110001. Na'ura za ta duba rukunonin ɗaya bayan ɗaya. Rukunin mai gadi na 1 cika ne, babu matsala. Rukunin mai gadi na 2 mara ne, haka ma na mai gadi na 4. Sai ta tara lambobin masu gadin da suka yi ƙara: 2 da 4 sun ba da 6. Kuskuren yana gurbi na shida. Ta juya shi, saƙon ya koma daidai, aiki ya ci gaba ba tare da an kira kowa ba. Ku gwada juya kowace alama guda ɗaya da kuka ga dama, za ku ga masu gadin suna nuna ta.

Hamming ya kuma bayyana dalilin da ya sa dabarar ke aiki. Ku dubi kalmomin gida da gada. Harafi ɗaya ne ya raba su, saboda haka kuskure ɗaya ya isa ya mayar da wannan ta koma waccan, mai karatu kuma ba zai gane ba. Amma a tsarin Hamming, kowane saƙo ingantacce ya bambanta da kowane ɗan'uwansa a gurabe uku ko fiye. Idan alama ɗaya ta juye, saƙon da ya lalace ya fi kusa da asalinsa fiye da kowane saƙo dabam. Yawan guraben da jeri biyu suka bambanta a cikinsu shi ake kira tazarar Hamming har yau.

Dabarar tana da iyaka, shi da kansa ya nuna ta. Idan alamomi biyu suka juye a lokaci ɗaya, masu gadin uku za su nuna gurbin da ba shi ba. Maganin da ya bayar shi ne a ƙara mai gadi na huɗu mai lura da jerin gaba ɗaya. Da wannan ƙari na'ura tana gyara kuskure ɗaya, idan kuma biyu ne ta gane ta yi gargaɗi.

Amfanin Aikinsa

Kamfanin Bell ya jinkirta buga binciken har sai ya nemi takardar mallakar ƙirƙira, don haka sai a watan Afrilu na 1950 maƙalarsa ta fito a mujallar kamfanin. Daga nan wani sabon fanni ya buɗe. Masana da yawa sun ɗora a kan abin da ya fara. A 1960 Irving Reed da Gustave Solomon suka fito da wani tsari mai iya gyara kurakurai da yawa a jere. Irinsa ne ke sa faifan CD ya ci gaba da kiɗa ko da ya ɗan ƙarje, shi ne kuma ke sa waya ta karanta alamar QR ko da wani gefenta ya goge. Manyan kwamfutocin bankuna da na kamfanonin intanet kuwa suna amfani da ma'ajiya wadda ke ƙara alamomin tsaro 8 a kan kowane alamomi 64, bisa irin tsarin da Hamming ya bayyana.

A shekarun da suka biyo baya, binciken amincin kwamfuta ya faɗaɗa. Yau ana ajiye bayani ɗaya a wurare da dama, ana kuma sa kwamfutoci da yawa su yi lissafi ɗaya a cikin jirgin sama domin idan ɗaya ta kauce sauran su rinjaye ta. Tushen tunanin duka ɗaya ne da na Hamming: kowane ƙarfe yana iya lalacewa, saboda haka a yi wa lalacewar tanadi tun kafin ta zo. Hausawa na cewa rigakafi ya fi magani.

Shekarun Ƙarshe

Hamming ya yi shekara 30 a kamfanin Bell. Ya shugabanci babbar ƙungiyar masana kwamfuta ta Amurka daga 1958 zuwa 1960, ya kuma rubuta littattafai a kan yin lissafi da kwamfuta. A 1968 aka ba shi lambar yabo ta Turing, wadda ita ce mafi daraja a ilimin kwamfuta. A 1988 ƙungiyar injiniyoyin lantarki ta IEEE ta fara bayar da wata lambar yabo mai ɗauke da sunansa, shi ne kuma na farko da ya karɓa.

A 1976 ya bar kamfanin ya koma koyarwa a wata babbar makarantar sojojin ruwa da ke Monterey, a jihar Kalifoniya. Ya shahara da yi wa masana tambayar da ba kowa ke son ji ba: ya so ya san matsalolin da suka fi muhimmanci a fanninsu, da kuma dalilin da ya hana su aiki a kansu. Yana kuma jaddada wa ɗalibansa cewa amfanin lissafi da kwamfuta shi ne a fahimci abu, tarin lambobi kaɗai bai wadatar ba. Ya ci gaba da koyarwa har zuwa watan Disamba na 1997. Ranar 7 ga Janairu, 1998, ya rasu sakamakon bugun zuciya, yana da shekara 82.

Da yawa daga cikinku za su yi aiki da kwamfuta a asibiti ko banki ko ofis, wasunku ma za su ƙera tsarin da jama'a za su dogara da shi. Idan wannan rana ta zo, ku yi wa aikinku tambayoyin da Hamming ya yi wa na'urarsa: idan wani sashe ya lalace, wa zai gane, a ina za a gano shi, kuma yaya za a gyara shi?

Tambayoyi

1. Me ya hana Hamming karanta aikin injiniya?
2. Me kwamfutar kamfanin Bell take yi idan ta ci karo da kuskure a ƙarshen mako?
3. Ku bayyana ma'anar cika da mara, ku kawo misali biyu na kowanne.
4. An karɓi saƙo 0110111. Ku yi amfani da masu gadi uku ku gano gurbin da ya juye.
5. Ku kawo kalmomin Hausa biyu waɗanda harafi ɗaya ne kawai ya raba su, ku yi jimla da kowacce.