Sarkin Kano Alu Mai Sango da Dalilan Yaƙinsa da Turawa

Duk wanda ya bi tarihin zuwan Turawa ƙasar Kano, lalle ne ya tsaya a kan sarkin da aka ci birnin a zamaninsa, wato Aliyu Babba, wanda aka fi sani da Alu Mai Sango. Wannan maƙala za ta duba rayuwarsa a taƙaice, da kuma dalilan da suka ja shi yaƙi da Ingila.

Asalinsa da Hawansa Sarauta

Alu ɗa ne ga Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi. Mahaifiyarsa Saudatu 'yar Sarkin Musulmi Aliyu Babba ce, sunan kakan nasa kuwa aka sa masa. Ya tashi da karatu mai zurfi, ga shi kuma jarumi.

A cikin shekarar 1893 Sarki Muhammadu Bello ya rasu, sai Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa ɗansa Tukur. 'Ya'yan Maje Karofi ba su yarda ba, suka fice daga birni suka nufi Takai a ƙarƙashin Yusufu. Wannan shi ne mafarin Basasa. Da Yusufu ya rasu a 1894, sai Yusufawa suka yi wa Alu mubaya'a. A wannan shekara ya shiga Kano da yaƙi, a 1895 kuma aka kashe Tukur. Ke nan takobi ne ya ba Alu sarauta, Sakkwato kuwa daga baya ta amince.

Bai sami hutu a kan gado ba. Daga arewa Damagaram na kawo masa hari, daga kudu maso gabas kuma Ningawa na kai farmaki a ƙasashe irin su Rano da Tudun Wada, suna kama mutane. Saboda haka ya duƙufa wajen gyaran ganuwa da tara bindigogi.

Dalilan Yaƙin

Dalili na farko shi ne niyyar Turawa tun asali. A ranar 1 ga Janairu 1900 Lugga ya kafa tutar Ingila a Lakwaja, ya ce Arewa duka ta shiga hannunsu, alhali ko ganin Kano sojansa bai yi ba. A 1901 aka ci Bida da Kwantagora da Yola, a 1902 aka ci Bauci, aka kuma kama Sarkin Zazzau Kwasau. Da soja suka zauna a Zariya, sai ya zama tafiyar 'yan kwanaki ce ta raba su da Kano.

Na biyu shi ne kishin da ke tsakanin Ingila da Faransa. Tun 1899 Faransawa suka kama Damagaram. Ingila na bukatar ta shata iyaka da su, ba ta kuwa iya yin haka muddin Kano da Katsina da Sakkwato na cin gashin kansu. Cinikin bayi ma yana cikin hujjojin da Lugga ya kawo wa magabatansa a Landan.

Na uku shi ne wanda ya kunna wutar. A watan Oktoba 1902 Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Moloni, ya gudo Kano. Alu ya karɓe shi da girmamawa. A wurin Turawa wannan tsokana ce, amma a wurin Alu abin kunya ne sarkin Musulunci ya miƙa wa Nasara Musulmin da ya nemi mafaka. Irin wannan tarko ne ya kama Sarkin Rasha Nikolas na Biyu a 1914, sa'ad da ya ga ba zai iya yasar da Sabiya ba bayan an kashe yariman Ostiriya, ya shiga yaƙin da ya ci sarautarsa a 1917.

Bebeji da Faɗuwar Kano

A watan Janairu 1903 Alu ya tafi Sakkwato da dawaki masu yawa don ya yi wa sabon Sarkin Musulmi Attahiru mubaya'a, ya bar Sarkin Shanu da tsaron birni. A ƙarshen watan Kanar Molan ya taso daga Zariya da soja fiye da 700, mafi yawansu baƙar fata, da igwa da bindigogi masu ruwa. Bebeji ce ta fara tarar su. Mutanenta suka rufe ƙofa suka ƙi sallamawa, aka harba igwa ta fasa ƙofar, Sarkin Bebeji da mutane da dama suka rasa rayukansu. Garuruwan da ke gaba da suka ji labari ba su ja daga ba. A ranar 3 ga Fabrairu aka ci Kano, Sarkin Shanu ya mutu yana kare gidan sarki.

Labari ya iske Alu yana kan hanyar dawowa. Cikin dare ya rabu da rundunarsa ya yi arewa. Waziri Ahmadu ya ja wani sashe suka gwabza da Turawa a Kwatarkwashi, a can ya kwanta dama. Wambai Abbas kuwa ya komo Kano da sauran jama'a, Lugga ya naɗa shi sarki. An kama Alu a ƙasar Gobir, aka kai shi Yola, daga nan Lakwaja, inda ya rasu a 1926.

Kammalawa

Masana sun saɓa a kan daren nan da Alu ya bar jama'arsa. Wasu na ganin tsoro ne, wasu kuwa na cewa hijira ya nufa, kamar yadda Attahiru ya yi daga baya. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne, ko da ya kori Magajin Keffi, Lugga na tafe, domin Katsina da ba ta ɓoye kowa ba ita ma ta shiga hannu a wannan shekara. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan waɗanda suka kwanta a ƙofar Bebeji, amin.